Hancin Gida

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin kicin, ya 'yan makarantarki masu cinye tukunya har ƙanzo? Mu nan lafiya lau. Mama da Auta suna gaishe ki.

Goggo, zan faɗa miki wata magana da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kin san ni, ban iya faɗin magana baki da baki ba, shi ya sa na rubuta. Ba na jin ƙamshi. Ba na jin wari. Tun zazzaɓin nan da na yi bara hancina ya tafi, bai dawo ba. Da farko na ɗauka mura ce. Murar ta warke, na koma makaranta, amma duniya ta zama kamar hoto: ina ganin komai, ba abin da yake isowa gare ni. Ruwan sama ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, kowa yana cewa "kai, ƙamshi!", ni ma na ce "kai, ƙamshi!"

Za ki ce me ya hana ni faɗa wa Mama. Kin dai san sunan da take kirana da shi tun ina ƙarama, Hancin Gida. Ita ƙurar yadi ta shagon ɗinki ta toshe mata nata shekara da shekaru, saboda haka komai ni ce. "Hanci, zo ki shinshina madarar nan." "Hanci, naman nan zai kai gobe?" Sai in kai fuskata, in ɗan ɓata rai kamar mai nazari, in ce, "Lafiyarsa ƙalau." Ni ba na zuwa na ɗaya a aji, ban iya hira da baƙi ba, ban kai Auta farin jini ba. Abu ɗaya ake kirana dominsa a gidan nan. In na ce babu shi, me ya rage?

Yanzu shinkafa ƙonewa take yi a gabana, ban sani ba sai na ga hayaƙi. Mama ta ce littattafan soyayyar nan ne suka cinye min hankali, in na ƙara ƙona tukunya za ta zuba su a buhu ta ba mai shago ya riƙa ƙunshe kaya. Ban musa ba. Gara a ce karatu ne.

Su ma littattafan yanzu tsokanata suke yi. A duk wanda na buɗe, ƙamshin turaren saurayin ne yake fara yin sallama kafin shi. Yarinyar tana wanke-wanke, sai ta ji ƙamshi, gabanta ya faɗi, ta juyo. To ni fa, Goggo? Sai dai ya yi tari.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Mama ta samu ɗinkin kayan makaranta mai yawa, ba ta dawowa sai yamma. Kicin da Auta duk a hannuna suke. Ke da kike dafa wa ɗaruruwan yara abinci, don Allah ki koya min yadda ake girki ba hanci. Kuma kada ki faɗa wa Baba, ko da yake shi zai kawo miki takardar in ya biyo da motarsa ta wajenku. Na liƙe ta sosai.

Ki huta lafiya.
'Yarki.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ƙanen nan nawa, babanki, ya miƙo min ita yana cewa, "Yaya, me kuke rubutawa haka kamar masoya?" Na ce masa ya kula da sitiyarinsa.

Na karanta a bayan kicin, na yi dariya wajen mai tarin nan, daga baya kuma na share ido da bakin zane. Sannu. Wannan kaya ya yi wa yarinya nauyi ita kaɗai. Ra'ayina ki faɗa wa uwarki a kai ki asibiti. Na faɗa, kin ji. Yanzu ga abin da kika tambaya.

Hanci bai san daɗin gishiri ba, saboda haka harshenki na nan, ki riƙa ɗanɗanawa. Sauran aikin kuma kunne da ido za su raba. Tukunya magana take yi, mutane ne ba sa saurare. Albasa in ta shiga mai ihu take yi, don akwai ruwa a jikinta. Da kin ji ihun ya koma raɗa, ruwan ya ƙare, ƙonewa ce ta biyo baya, sai ki zuba abin da za ki zuba. Mai kuma, ki tsoma bakin cokalin katako. In ƙananan kumfa suka kewaye shi, ya yi zafi. Shinkafa tana ɓararraka muddin da ruwa. In ta fara ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, ki rage wuta can ƙasa, ki rufe, ki bar ta da tururinta.

Ƙwai ki saka shi a kofin ruwa. Wanda ya kwanta a ƙasa naki ne, wanda ya taso sama na bola ne. Madara ki ɗebi kaɗan ki tafasa a ludayi, in ta tsinke ta yi gudaji, ta mutu. Duk abin da za ki sa a firji ki rubuta ranar a murfinsa. Wanda kika yi shakka a kansa ki zubar, cikin Auta ba wurin gwaji ba ne.

Ban hana ki karatu ba. Amma ki jawo kujera ki zauna a kicin ɗin, ki karanta shafi, ki ɗaga kai. Saurayin ba inda za shi, yana nan a shafi na gaba yana jiran ki. Shinkafa ce ba ta jira.

Ga babba, ki buɗe kunne. Gas ba ya magana, ba a ganin sa, hanci kaɗai yake yi wa sallama. Ki kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, ki shafa da soso a kan tukunyar gas da dukan tiyon har zuwa murhu. In kin ga kumfar tana hurowa tana girma, yoyo yake yi. Ki rufe daga kan tukunyar, ki buɗe taga da ƙofa, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki. Ki fita da ƙanwarki.

Nas ɗin makarantarmu ta ce ki riƙa shinshina ɓawon lemo da citta da kanumfari safe da yamma, ko ba kya jin komai. Wai hanci kamar ɗalibi ne, wani sai an yi ta maimaita masa. Ta ce wasu yana dawo musu, wasu kuma sai likita ya duba.

Ki gaishe da uwarki da Auta.
Goggonki.

*

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Abubuwa ne suka faru, na rasa ta inda zan fara.

Na farko dai, tukunya tana magana, wallahi! Na tsaya a kan albasa ina saurare kamar mai laɓe a ƙofar wani, har na ji lokacin da ta sauke murya. Ban ƙara ƙona komai ba. Mama ta ci shinkafa ta dube ni ta ce, "Yau kuma wace rana? Ko littattafan sun fara koyar da girki?" Auta ta ce, "Da tukunya take hira, na gan ta." Muka yi dariya. Buhun nan an daina maganarsa.

Gwajin sabulun ne kawai ban yi ba. Na ce a raina Goggo ta cika tsoro, gas ɗinmu bai taɓa yin komai ba.

Ranar Asabar da hantsi ina zaune a kicin a kan 'yar kujera, na jiƙa wake ina jira. Taga a rufe saboda iska tana kashe wuta. Auta tana ƙasa tana wasa da murafan tukwane. Ni kuwa a littafina na kai inda yarinyar ta tsaya a tashar mota, ba ta san ko saurayin zai zo ba. Sai Auta ta ce, "Yaya, kaina yana ciwo. Kicin ɗin nan wari yake." Na ce mata wake ne. Har na miƙa hannu na ɗauki ashana zan ɗora tukunya. Ban san abin da ya tsayar da ni ba. Na ajiye, na kaɗa sabulu a kofi, na shafa a tiyon.

Goggo, can bayan murhu kumfa ta huro kamar yaro yana wasa da ita, wata ta fashe wata ta taso. Na rufe tukunyar gas ɗin, na buɗe taga, na suri Auta na yi waje ko takalmi babu. A bakin ƙofa na zauna a ƙasa rungume da ita.

Da Mama ta dawo aka kira mai gyara. Ya duba ya ce, "Hajiya, ɓera ne ya ɗan ci wurin. Wannan ai ya kwana biyu yana yoyo. Ba wanda ya ji wari?" Kafin in yi motsi Mama ta dafa kaina ta ce, "Ga wadda ta ji nan. Hancin Gida ke nan, ba a yi mata ɓoyo." Ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa wa matan shago. Washegari ta dawo da sabon littafi a jakarta, irin wanda take faɗa a kansa, ta ce, "Ungo, tukwicinki." Yana nan a kan akwatina, na kasa buɗe shi.

Mai gyaran ya ce a canza tiyon gaba ɗaya, don ya tsufa. Mama ta ce ya yanke inda ya lalace ya ɗaure sauran zuwa wani lokaci. Ya ce, "Hajiya, akwai haɗari fa." Ta ce, "In ya sake yoyo za mu sani, ai muna da hanci a gida."

Yanzu kullum da safe sai na shafa sabulun kafin kowa ya shigo. Ina ta tunani, tunda dabarunki suna aiki, ko ba sai na faɗa ba? Ba ki ga fuskarta ba lokacin da take ba matan nan labari. Ban taɓa ganin ta yi alfahari da ni haka ba. In kina da wasu dabarun, ki ƙaro min. Lemon ina shinshinawa, har yanzu shiru.

'Yarki.

*

'Yata,

Salamu alaikum. Na gode wa Allah da ya tsare min ku. Da na karanta, ludayi ne ya faɗi daga hannuna cikin tukunya, sai da yara suka ciro shi da sanda.

Na sa babanki ya sayi sabon tiyo, na ce masa mummunan mafarki na yi. Ya yi min dariya, amma ya saya. A ɗaura shi ranar da ya iso.

Dabara kuwa ba zan ƙaro ba. Na koya miki girki, ke kuma kin ɗauka kin yi bargon ɓuya da shi. Ki duba da kyau: ranar nan ba sabulu ne ya cece ku ba, hancin Auta ne, kuma kin ce mata wake ne. Ran da kike makaranta fa, ko ran da kika makara? Uwarki tana rufe ƙofa ta tafi shago hankalinta kwance, don ta bar mai gadi a gida. Ke kaɗai kika san mai gadin ba ya nan. Da ta sani, da tun ranar ta canza tiyon.

Kin tambaye ni a takardarki ta farko, in babu hancin me ya rage. Ina wurin ranar da aka haife ki. Hancin naki bai kai ƙwayar wake ba, ba abin da ya iya shinshinawa. Na miƙa hannu in ɗauke ki, uwarki ta ƙanƙame ki ta ce in bari tukuna, ba ta gama kallo ba.

Ba zan faɗa mata ba, maganarki ce. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In baki ya ƙi, ai hannunki ya iya.

Goggonki mai ƙaunarki.

*

Mama,

Sannu da dawowa, sannu da aiki. Ki zauna kafin ki karanta, na dafa miki shayi yana cikin fulas.

Ba ni na ji warin gas ba, Auta ce. Ni tun zazzaɓin bara ba na jin ƙamshi ko wari, ko kaɗan. Duk madarar da kika ba ni na shinshina, kintace nake yi. Shinkafar da nake ƙonawa ba littafi ba ne, wato ba littafi kaɗai ba. Goggo ta sani, ita ta koya min dabarun da kika gani, kuma tun farko ta ce in faɗa miki. Tsoro na ji. Ki yafe min.

Ina so ki kai ni asibiti. Kafin nan kuma ki daina dogara da ni a kan gas da nama da madara. Sauran girkin zan iya, kin ɗanɗana.

Na yi niyyar in sa takardar nan a cikin jakar ɗinkinki, ki gan ta gobe a shago, ni ina can makaranta. Har na buɗe zif ɗin. Sai na tuna za ki karanta a gaban mata, ba ni kusa, ba wanda za ki yi wa faɗa ko ki tambaya.

Ga ƙarar makullinki nan a ƙofa. Zan miƙa miki da hannuna, kuma zan tsaya har ki gama.

'Yarki.