Kwanon Isuhu Ya Dawo Cike

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Bin Kadin Mutanen da Aka Tsare Bayan Bore, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya tare da iyali. Ni ƴar jarida ce, mazauniyar Sabon Gari. Na rubuto a fili ne domin na zo ofishinku ba sau ɗaya ba, aka ce kuna taro.

Na farko, ga wanda nake magana a kansa. Yayana Isuhu manomin zogale ne a Jiratawa. Lokacin da jama'a suka cika titi suna neman sauyi, ya bar ban ruwa ya hau kabu-kabu ya shigo gari. Muna tsaye tare ranar da kuka hau bayan mota kuka ce daga yau ba wanda za a sake ɗauka ba tare da alƙali ya sani ba. Ya tafa muku. Da ƙura ta lafa, wasu mutane cikin mota marar lamba suka ɗauke shi daga gona. Abin da muka ji a bakin gari shi ne ya daɗe yana kai ganye gidan ɗaya daga cikin manyan da aka tumɓuke. Gaskiya ne. Yana kai wa masu kwaɗo na bakin tasha ma.

Na biyu, yadda muke sanin yana raye. Ba a bar mu mun gan shi ba, lauya ma bai gan shi ba. Amma kun san al'adar kaso a nan: dangi ke kai abinci, mai gadi ya shiga da shi, ya fito da kwanon jiya. Innarmu ke tuƙa tuwon a Tibiri, ni nake kaiwa. Isuhu kan mayar da kwanon cikin ƙyallensa, ya ɗaure shi irin ɗaurin da yake yi wa damin zogale. Wannan ƙulli shi ne duk labarin da muke samu daga gare shi.

Kafin azumi kwanon ya dawo cike, da ɗaurin Inna a kansa. Mai gadin ya ce an canza masa wuri. Na tambayi ina, ya ce shi ƙofa aka ba shi. Duk inda aka san ana tsare mutane a garin nan na je, kowa ya ce ba ya hannunsa. Yanzu damina ta wuce.

Na uku, doka. Ƙasarmu ta sa hannu a yarjejeniyar duniya da ta ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili, a kai shi gaban alƙali ba da jinkiri ba. Ta kuma sa hannu a wadda ta haramta a tsare mutum sannan a ɓoye inda yake, ko da ana yaƙi. Ƙasa ce ta ɗauki waɗannan alkawura, kuma ba sa faɗuwa don gwamnati ta faɗi. Kun fi ni sanin haka, don kun koyar da shi. Wani ma'aikacinku ya ce mini dokokin Turawa ne, yanzu mun ƴantu. Na amsa masa cewa su kuka riƙa karanta mana lokacin da naku mutanen ke kaso. Idan fushin jama'a ya isa hujjar ɗauke mutum, to masu ɗaukar kawai muka canza.

Ban ce Isuhu ya fi ƙarfin tuhuma ba. A tuhume shi, mu zo kotu mu saurara.

Buƙatuna uku ne. A faɗa mana inda yake, a bar lauya ya gan shi. A kai shi gaban alƙali ko a sake shi. In kuwa ya rasu, a ba mu gawarsa. Matarsa Ramatu ba ta san ko ta ci gaba da jira ko ta shiga takaba ba.

Ban gaya wa Inna an ɗauke shi daga can ba. Nakan ba masu jiran nasu a bakin ƙofa tuwon, in wanke kwanon, in kwaikwayi ɗaurinsa. Tun ranar farko ta juya ƙullin a hannunta ta ce, "Wanga ɗauri ba nashi ba na, Rabi." Ba ta tambaye ni komai ba, kuma ba ta daina tuƙi ba. Gobe ma zan je Tibiri in karɓo kwanon. Ina roƙon ku faɗa mini ƙofar da zan kai shi.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku, ya tsare ku da naku daga irin wannan jira.

Wassalam.

Rabi Sale,
Sabon Gari, Maraɗi.