Littafin Zanen Baba da Inna Ta Rataye

Ƙanƙara, Jihar Katsina

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in damina ta sauka. Ƙanwarmu Hussaina ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, kin tuna baƙin littafin nan da Baba yake fara gwada zane a ciki kafin ya hau bayan mota da fenti? Zaki, dawisu, jirgin sama, rabin manyan motocin Sabuwa da Faskari hannunsa ne. Ni har yau in na ji warin fenti da kananzir sai na waiwaya. Da ya rasu, Inna ta ga ajami a gefen kowane shafi, ta ce addu'o'i ne. Ta sa shi a gafaka ta rataye, shekara shida ba mai buɗewa. Har make ni ta taɓa yi don na kai hannu ba alwala.

Ranar suna Kawu Badamasi ya zo daga Faskari, Inna ta sauko masa da littafin don ya karanta wa jaririya. Yana buɗewa ya fashe da dariya, ya ce ai Hausa ce zalla, bayanan aikin Baba ne. Wai kan zakin nan ya koma na tunkiya, a gyara. Wai shuɗin da ya sayo a Funtuwa ba ya jure rana. Muna ta dariya, sai Kawu ya juya shafi ya ci karo da sunanki.

Kin sha cewa Baba bai taɓa kiran sunanki ba, ko tasha bai raka ki ba ranar da za ki tafi Fatakwal, shi ya sa tun ta'aziyya ba ki sake taka gida ba. Kunyar 'yar fari ce, amma na san abin ya ci ki. To, sunanki yana ciki har sau goma sha ɗaya. A ƙarƙashin zanen wata mota ya rubuta: "Zulaihatu ta tafi yau. Na laɓe bayan motar Gide direba ina kallonta, kada mutane su ga hawayena."

Inna ta yi kuka, ni ma haka. Ta ce littafin naki ne, kuma ba za a turo hotonsa ta waya ba. Don Allah ki zo da Sallah ki karɓa da hannunki.

Ki gaida maigidanki Malam Abdulkarim da yara, su Bilkisu da Yahuza. Inna da Hussaina suna gaishe ki ƙwarai.

Ƙaninki,
Kamilu