Kwalabena Biyu Sun Ƙi Magana

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Saura mako biyu in kare aikin bincikena na ƙarshe a jami'a. Ko mahaifiyata ban iya faɗa wa ba, ita da ta gama shelanta wa dangi cewa na kusa kammalawa.

Aikina a kan wata ƙwayar cuta ne da yadda take jawo sinadarin zinki. Na raine ta a kwalabe biyu, ɗaya da zinki, ɗaya babu. Littafi ya ce a wadda babu, ƙwayoyin halittar da ke jawo zinkin za su farka. Nawa shiru, duka biyun! Sau uku ina maimaitawa. Kuma wallahi ba ƙazanta na yi ba. Da injin tace ruwa ya lalace, da ruwan famfo na dirje kwalaben har suna ƙyalli. Abokiyar aikina ta ce in rubuta lambobin da littafi ke so kawai, wa zai sani? Malamina kuwa ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Jiya har na ɗauki biro zan rubuta lambobin.

Ɗalibar Bencin Ƙarshe

Ƙanwata, ki tsaya tukuna. Ƙawarki tsoro take ji miki, ba mugunta ba ce. Amma ba ita za ta tsaya gaban malamai ba, kuma lambar ƙarya tambaya ɗaya ke tona ta.

Da yawanmu mun ɗauka duk abin da ya yi ƙyalli ya tsarkaka. A wurin ƙwayar cuta ba haka ba ne. Tana da wani sinadari mai gadi, furotin: da ya kama zinki, ko ɗan mitsitsi ne, sai ya zauna kan waɗannan ƙwayoyin halittar ya rufe su. Ba ya sauka sai zinki ya yi ƙaranci, kamar yadda jikinmu ke ɓoye shi don ya horar da ita da yunwa. Ruwan famfo kuwa yakan ɗebo zinki daga bututun ƙarfe. Ina zargin kwalbarki ta "babu" a ƙoshe take. Zargi ne dai, ban ga bencin da kike gwajin a kai ba.

Gobe da safe ki sami malaminki da littafin aikinki, ki gaya masa komai. Zai iya yin faɗa, ki daure. Ki roƙi sababbin kwalaben roba da tataccen ruwa daga wani ɗakin gwajin, ki sake. In ƙwayoyin halittar sun farka, ke kika gano dalilin. In sun ƙi, ki rubuta abin da idonki ya gani, ki kare shi ba tare da rawar murya ba.

Allah ya ba ki sa'a. Maza je ki gwada.