Rairayin Rijiyar Fanta

Tsamiyar Gana, 8 ga Fabrairu 1985

Zuwa ga ƙanena Kyari,

Gaisuwa mai yawa. Ina aiki, ina iyali? Inna tana gaishe ka da Kaltuma da yara.

Bayan haka, rijiyarmu ta kusa ƙafewa. Guga goma kafin a cika tulu, rabinsa kuma laka. Shanun Inna goma sha huɗu, yanzu saura tara. Maƙwabcinmu Ɗan Azumi zai kora nasa kudu, wajen Magarya, a ƙarshen wata, ya ce in haɗa da namu. Har yanzu suna iya tafiya da ƙafarsu. Amma Inna ta ce ka yi mata alkawari za ka sayi mota ka riƙa kawo ruwa da dusa daga Damagaram. Ka faɗa mini ɗaya: in kora, ko in jira?

Ka huta lafiya.
Yayanka, Gambo

Damagaram, 14 ga Fabrairu

Yaya Gambo,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan ka wuni lafiya, a durƙusa wa Inna a madadina.

Ka jira. Tafiyar kudu za ta kashe rabinsu a hanya. Na sayar da filina na bayan gari, kuma na sami motoci biyu na hannu, masu buɗaɗɗen baya, a garejin Mamman makanike.

Ta farko fara ce. Injinta na esansi ne, wato fetur, kuma kusa da giya tana da wata ƙaramar sanda, in an ja ta sai ƙafafu huɗu duka su ja. Ta biyu shuɗiya ce, injin gazuwal, wato dizal, ƙafafun baya kawai ke ja, amma tana ɗaukar nauyi kuma ba ta shan mai. Ka san tun da aka rufe iyaka esansi ya yi wuya. Na raba shafi biyu a littafina, na jera alherin kowacce da aibinta. Shuɗiya ta sami bakwai, fara huɗu. Sai dai ina tsoron ko ni na jera su yadda nake so su fito. Zan sake dubawa.

Na tambayi Mamman ra'ayinsa, ya ce, "Malam Kyari, mata biyu ka kawo mini in zaɓa maka? Ina za ka kai ta, kwalta ko daji?" Na ce duka biyu. Ya ce to ba a ƙera wannan ba tukuna.

Allah ya ja kwananka.
Ƙanenka, Kyari

Tsamiyar Gana, 1 ga Maris

Kyari,

Muna gaisuwa. Ɗan Azumi ya tafi shekaranjiya, na tsaya ina kallon bayan shanunsa har suka ɓace. Namu saura takwas. Jar saniyar nan ta kwanta, mu uku muka kasa tayar da ita, don duk wani mai ƙarfi a yankin nan ya tafi neman abinci.

Ban san esansi ba, ban san gazuwal ba. Na san saniya ba ta cin shafi biyu. Ka sayi ko wacce, ko mai ƙafa uku ce, ka zo.

Sai mun gan ka.
Gambo

Damagaram, 9 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Na ji maganarka, kuma gaskiyarka ce, na ɓata lokaci.

Na sayi shuɗiya. Ga dalilina. Daga nan zuwa Hamdara hanya mai ƙarfi ce. Daga Hamdara zuwa gida ma haka, ban da rairayin nan na Rijiyar Fanta, wanda bai kai kilomita biyu ba. Ba hankali ba ne in sayi mai shan esansi saboda kilomita biyu, alhali sau biyu a mako zan riƙa zuwa. Kuma ka san al'adar wurin. Tun muna yara, mota ba ta kafewa a can sai mazan garin Rijiyar Fanta sun fito, ashirin ko talatin, su tura ta da waƙa, direba ya ba su goro. Na ma sayi goron, ƙwarya guda.

Mamman ya gyara birki, ya ɗaure tanunnukan ruwa shida, manyan gangunan ƙarfe, a baya. Zai raka ni tafiyar farko. Ranar Alhamis muna tafe in Allah ya yarda. A gaya wa Inna.

Ƙanenka mai biyayya,
Kyari

Damagaram, 16 ga Maris

Yaya Gambo,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san da wace fuska ba. Na san kun jira mu ranar Alhamis.

Mun taso da hantsi da ruwa tano shida da buhun dusa huɗu. Injin bai yi ko tari ba har Hamdara. Muna shiga rairayi ƙafafun baya suka fara tono. Mamman ya rage iskar taya, muka ƙara kaɗan, sai ta nutse har ciki. Ban damu ba. Na ɗauki goro na nufi garin.

Yaya, babu kowa. Ƙofofi a toshe da ƙaya. Na yi sallama gida biyar kafin wata tsohuwa mai suna Shatu ta amsa. Na ce mata a kira mini maza su tura mota. Ta dube ni, ta dubi goron, ta ce, "Ɗana, daga wace ƙasa kake? Namijin da ya rage a garin nan liman ne, shi ma sai an tayar da shi yake zama."

Muka yi ta tono har la'asar, mu biyu. Mamman ya ce ba za ta fita da kayan nan ba, ko gaba ko baya. Sai na ce wa Shatu ta kira sauran. Tsofaffi tara suka zo da ƙwarya da tukwane, na buɗe musu tanunnukan. Ruwan shanun Inna ke nan. Dusar ma na ba su, kuma na ga ba dabba za su ba ba. Da motar ta yi sauƙi muka samu ta koma baya.

A hanya Mamman ya ce, "Da farar ce, da na ja sandar nan mun wuce muna hira." Na ce mu koma a musanya. Ya ce an sayar da ita tun Litinin, ta tafi Agadas.

Na dawo na buɗe littafina. A ƙarƙashin shuɗiya, na uku, na rubuta da hannuna: "Rairayi: mutanen gari za su tura." Na kuma ɗauko wasiƙarka ta ɗaya ga wata. Ka rubuta mini cewa duk mai ƙarfi ya tafi. Na karanta ta sau uku a lokacin, jar saniyar kawai na gani. Shekara shida ban bi hanyar nan ba, na yi lissafi da mutanen da na sani a da.

Ina neman wata hanya ta arewa, an ce akwai, an ce kuma ta fi muni. Ni na ce ka jira. Ka faɗa wa Inna haka, kada ka ɗauke mini. Shanun za su iya tafiya har yanzu?

Ka yafe mini.
Kyari

Tsamiyar Gana, 23 ga Maris

Kyari,

Mun sami takardarka. Inna ta ce ruwan da tsofaffi suka sha bai zube ba.

Shanun ba za su iya ba. Saura biyu, kuma gobe mahauci zai zo.

Ranar Alhamis ka kawo motar bakin rairayi, ta wajen Hamdara, ka tsaya inda ƙasa ke da ƙarfi. Mu za mu tako mu same ka, Inna a kan jaki. Mu goma sha ɗaya ne. Ka sauke tanunnukan a gidanka, mutane motar za ta ɗauka. Kaltuma ta share mana ɗaki.

Allah ya kai mu.
Yayanka, Gambo