Ƙafafun Gidan Ƙwarya

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Doha. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ni ce mai karanta maka wasiƙu. Amma yau Juma'a, ranar hutunmu a nan, na dawo daga sujada zuciyata tana tafasa, kuma babu wanda nake son gaya wa sai kai.

Mama tana nan lafiya, sai gwiwar nan da ba ta barinta sakat. Ƙanwata Ladi ta haifi namiji, an maida maka suna, Bitrus ƙarami, hancinka sak. Sai babban labarin: Gidan Ƙwarya ya dare. Tsagar ta taso daga gefen titi har tsakiyar rufi, Ladi ta ce mutum zai iya zura hannu. An kwashe gadajen ɗakin haihuwa, 'yan makarantar raino sun koma gindin mangwaro, kekunan ɗinkin mata suna jibge a gidan Fasto.

Gidanka ke nan, Baba. Wanda kuka gina da Baturen nan na Italiya da ƙaramar ɗarikarsu ta turo, tun ba a haife ni ba. Rufin kankare kamar an kife ƙwarya, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsaka, bango a lanƙwashe, ramukan iska a maimakon taga. Da farko mutanen gari dariya suka yi, suka ce wane irin gini ne babu kusurwa. Daga baya Kirista da Musulmi da Fulanin ruga duk a can aka haifi 'ya'yansu, har da ni. Kowace shekara kafin ruwan farko kakan kwashe mu sharar indararo, ka bi ƙafafun kankaren nan takwas da suka tokare rufin daga waje, kana dafa kowace kamar mai gaida tsoho. Kakan ce kaurin rufin bai wuce faɗin tafin hannu ba, ƙafafun ne ke riƙe da shi.

Sai Dattijo Yakubu ya zama shugaban kwamitin da ke kula da Gidan, ya ga gefen titi ya dace da shaguna. Ya sa aka sare ƙafa biyu. Ka tashi a taro ka ce kada a yi, aka ce birkilan da bai shiga aji ba zai koya wa masu boko aiki. Da rufin ya fara yoyo, Yakubu ya tsaya gaban ikilisiya lokacin sanarwa, ya ce maginan farko ne suka sayar da simintin suka cika aikin da yashi. Bai kira suna ba. Wa ya rage a maginan farko in ba kai ba? Ka bar bencinka na gaba ka koma baya, sannan ka daina zuwa. Wata biyar aka yi muka binne ka. Likita ya ce hawan jini. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san hawan jini, kuma na san wanda ya hawar da shi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da ka kira ni kana ba ni labarin sanarwar, ina tsakiyar aiki, layin marasa lafiya ya cika. Na ce maka khalas, ya isa haka Baba, ka je ka ba dattawa haƙuri a wuce wurin. Ka ce to Saratu, Allah ya yi albarka. Haƙurin me zan ce ka bayar? Mafi muni, da na ajiye wayar na tambayi kaina ko da gaske ne, tunda lokacin ginin kana da baki tara da kake ciyarwa a gida. Na yi zargin ka, Baba. Ko Mama ba ta sani ba.

Asibitin da nake aiki yana kusa da Sanaiya, unguwar masana'antu da leburori, magina ne rabin masu zuwa. Ina wanke hannuwan da siminti ya cinye, in ɗago kai in ga ba kai ba ne. Garin nan cike yake da gine-gine masu lanƙwasa, baƙi suna tsayawa cikin wannan zafin suna ɗaukar hoto. Kai ka yi irinsa a ƙauye da daro da cokalin gini, mata na jido maka ruwa daga rafi, ladanka a ce maka ɓarawo.

To, ran Talata Yakubu ya kira ni. Wai 'yata! Bakinsa har zuma yake ɗiga. Injiniyan da suka ɗauko ya ce ba zai taɓa rufin ba sai ya ga zanen asali, ya san ta inda rodi ya bi, in ba haka ba sai dai a rushe. Mama ta gaya musu zanen yana wurina, cikin dogon gwangwanin da ka ba ni ranar da zan taho, ka ce a gida gara za ta ci. Yana ƙarƙashin gadona a Wakra inda nake zaune, ban taɓa buɗewa ba sai ranar.

Baba, ka san abin da ke takarda ta bakwai? Ina za ka sani, ba ka karatu. Baturen ya rubuta da jan biro cewa kada a taɓa ƙafafun nan har abada, an maimaita da Hausa a ƙasa, sakataren kwamiti na lokacin ya sa hannu. Yakubu ne. Da hannunsa ya rubuta. Ya sani sarai ranar da ake maka dariya, ya sani ranar sanarwa, ya sani ranar da ya zo jana'izarka ya yi doguwar addu'a.

Na nemi hutu, an ba ni, zan iso kafin ruwan farko. Na gaya masa sharaɗina. Zai tsaya daidai inda ya tsaya, ranar Lahadi, coci a cike, ya karanta takardar nan da bakinsa har da sunansa, sannan ya ce Bitrus bai saci ko cokali ɗaya na siminti ba. Mama za ta zauna a bencin gaba. Ina so in ga gumi yana bin wuyan babbar rigarsa. In ya ƙi, wallahi zan naɗe takarduna in hau jirgi in dawo.

Fasto ya kira, ya ce in tuna masu naƙuda da ake ɗorawa a babur zuwa babban asibiti. Na tuna da su, kullum ina tunawa. Na san da kai ne, da tuni ka miƙa zanen ka ɗauki cokalinka ka bi su. Ni ban kai ka ba. In ya taurare, damina ta sauka rufin ya faɗi, aikin hannunka ne ya tafi, kuma da hannuna a ciki. Na auna wannan, na amince. Garinmu zai iya sake wani ginin, amma suna ɗaya gare ka, kuma sau ɗaya na riga na bari aka taka shi ina ji.

Ka huta lafiya, Baba. Ka yafe mini laifin farko, zargin da na yi maka; na biyun, riƙe zanen nan, ba zan nemi yafiyarsa ba.

'Yarka,
Saratu