Motar da Ba Ta Ƙara

Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Hajara da yara? Ya ƙafar taka, da sauƙi? Mu nan Tarauni lafiya lau.

Alhajin da nake wa tuƙi ya sayi mota mai lantarki, ranar Talata muka karɓo ta a Gyadi-Gyadi. Na danna maɓalli, shiru. Alhaji ya ce, "Bala, mu je mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ta tashi ba." Mai sayarwa ya yi dariya, ya ce tun ɗazu a kunne take.

Kai ka koya mini sauraron inji kafin in hau titi. To wannan me zan saurara? Na buɗe gabanta in duba baƙin mai, sai na tarar da wurin ajiye kaya. Daɗin tuƙi kam akwai, amma ji nake kamar yau na fara koyo.

Ka sa ni a addu'a, kada aikin nan ya kuɓuce mini. Ka gaida Inna, amma kada ka gaya mata.

Ƙaninka,
Bala