Masu Jaje a Ɗakin Inna

Daren Laraba, Gure

Na gaji. Hutu na zo yi gida, amma tun hantsi mata ke sallama suna yi wa Inna jaje. Hoton zanga-zangarmu ta jami'a a Damagaram ya iso wayoyin unguwa, ga ni a gaba riƙe da kwali, muna cewa malamai su daina cin zarafin ɗalibai mata a biro, wato ofisoshinsu. A ganinsu, yarinya ba ta ɗaga irin wannan kwali sai in ita aka taɓa. Har goggona ta Gidigir ta bugo waya tana kuka.

Inna ko abincin rana ba ta ci ba. Ta ja ni ɗaka ta ce, "Ki dubi girman Allah ki gaya mini, ke ce?" Na rantse mata ba ni ba ce. Ta ce to in fito in faɗa wa mutane. Na ƙi. In na ce ba ni ba ce, za su tambaya wace ce, kuma mu biyu ne kaɗai 'yan unguwar nan a jami'ar, ni da Falmata.

Da la'asar sai ga maman Falmata da ƙwaryar fura. Ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya saka miki, 'yata. Ni dai na gode Allah, tawa kamila ce, ba ruwanta."

Ni na raka Falmata asibiti, kuma saboda ita muka fita zanga-zangar. Na ce amin, na karɓi furar. Ga ta nan a gefen katifa, na kasa sha.